Tulunan Kaka a Hanyar Maruda

Jiya, ina dawowa daga makaranta, na ga jan fenti a jikin itatuwan dogonyaro na hanyar Maruda. Za a sare su a faɗaɗa titi.

Marigayi kakana ne ya dasa su. Yakan binne tulu mai huji a gindin kowane dashe, ni kuma in cika. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar. Wata rana na yi gaggawa, ruwa ya malale.

"Amaryata, a hankali," ya ce. "Mai shan inuwar nan ba a ma haife shi ba."

Kunya ta hana ni roƙon ma'aikatan. Na dai tsinci 'ya'yan itatuwan a hijabina, zan shuka. Allah Ya sanyaya makwancinsa.