Abin da Ke Cikin Gwangwanin Kufai

Da yayana ya yi ritaya daga aiki a Tudun Wada, wata biyu ya yi a gida yana neman abin gyarawa. Ya gyara duk ƙofar da ke ƙara, ya sake wa akurkin kaji wuri sau uku, har matarsa ta fara roƙon Allah ya ba shi abin yi a waje. Addu'arta ta ci. Wani mutum da ya gaji da haƙar zinari ya sayar masa da na'urar gano ƙarfe, wata doguwar sanda mai faifai a ƙasa, wadda take kuka idan ta bi ta kan ƙarfen da ke binne. A makon farko ya tono cokula huɗu a tsakar gidansa, da mabuɗin wani kwaɗo da aka daɗe da fasawa saboda ɓatan mabuɗin.

Ni kuwa dama ina da ciwon tara tsofaffin kaya. Malamin firamare ne ni, kuma a ɗakina akwai akwatin katako da nake zuba anini da kwabo mai huji da guntayen lofe da duk wani tarkacen da mutanen dauri suka bari. Don haka ranar da Yaya ya ce mu je wani kufai a ƙasar Doguwa, inda aka taɓa yin barikin masu haƙar kuza, bai maimaita ba. Ni tarihi nake nema. Shi kuma, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba, abin da ke walƙiya yake nema.

Ranar Asabar muka tafi a babur ɗinsa, bayan ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi. Babu abin da ya rage a wurin sai tushen gine-gine na dutse da wasu tsofaffin bishiyoyin mangwaro. Wurin ya zama gona yanzu. Mai gonar ya ba mu izini, ya ce mu dai kula da dawarsa da ta fara tsiro. Tun hantsi Yaya yake yawo da sandarsa, ni ina biye da 'yar fartanya. Muka tono murafen kwalba, da ƙusoshi, da guntuwar sarƙar keke. Duk wanda ya fito sai Yaya ya goge shi da gefen riga ya ɗaga a rana, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ga tarihinka."

Dab da azahar, a gindin wata rusasshiyar katanga, na'urar ta kwarma ihun da ba ta yi ba tun safe. Na yi tono kamar kamu ɗaya, sai ga wani abu zagayayye, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Gwangwani ne mai murfi, tsatsa ta cinye shi ta haɗe bakin, wani wurin ja wani wurin kore. Da na kankare ƙasar sai na ga alamar zanen fure a saman murfin. Yana da ɗan nauyi. Yaya ya karɓe ya kai kunne ya girgiza, muka ji wani abu yana motsi a ciki, ƙwal, ƙwal.

"Ka ji?" in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa ko da yake daga mu sai tsuntsaye.

"Na ji, Yaya."

"Kada ka faɗa wa kowa."

Ya naɗe shi a hankici ya zura a aljihun ciki. Ban faɗa wa kowa ba. Shi ne ya faɗa wa mai sayar da fetur a hanya, ya faɗa wa mai shayin bakin layinsu, kowanne da sharaɗin kada ya faɗa wa kowa.

Kwana uku muna fama da murfin nan a zauren Yaya. Ya sa farce, farcen ya karye. Ya sa wuƙar matarsa, bakin ya lanƙwashe, aka yi 'yar magana a cikin gida. Muka jiƙa shi a kalanzir, muka goge shi da lemon tsami da toka, furen ya ƙara fitowa, amma murfin ko gezau. Ni na so a bar shi haka, don a ganina rufaffe ma abin kallo ne. Yaya ya dube ni kamar na ce a mayar da amarya gidansu.

A rana ta uku maƙwabcinsa ya shigo, malamin allo ne dattijo mai taka-tsantsan, wanda ko ruwan randa ba ya sha sai ya leƙa. Aka gaisa, aka ajiye masa gwangwanin a kan tabarma. Bai taɓa shi ba. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, hannuwansa a baya.

"A ina kuka ce kun samo shi?"

"A gindin katanga, Malam."

"A binne?"

"A binne."

Malam ya ja da baya kaɗan. Ya ce shi dai a saninsa, mutum ba ya rufe abu ya kai gindin katanga ya binne don yana son alheri ga mai katangar. Wa ya sani ko sammu ne aka yi wa wani, shekara da shekaru yana kwance, mu kuma mun ɗauko shi a babur mun kawo cikin unguwa? Shawararsa a mayar da shi inda aka samo.

"Malam, idan kuma zinari ne fa?" in ji Yaya.

Malam ya shafa gemu. Can ya ce, "To, a buɗe da bisimilla. A fili, ba a zaure ba. Kuma ba a layin nan ba."

Haka muka yanke shawarar kai wa maƙeri ranar kasuwa. Malam ya ce ba ruwansa, amma da muka fito sai muka tarar da shi a ƙofar gida da carbi, wai dama yana da abin saya a kasuwa.

Kafin mu isa maƙera labari ya riga mu. Mutane sun kai talatin suna jira, wasu sun ji cewa tukunyar zinari ce, wani ma ya tambaye ni ina motar da ta ɗauko ta. Da Yaya ya warware hankicin aka ga ɗan abin, sai wani ya yi tsaki ya tafi, sauran suka ƙara matsowa. Maƙerin tsoho ne da ba abin da ke ba shi mamaki. Ya jujjuya gwangwanin, ya kama shi da awartaki ya kara kusa da wuta.

"Kai, kai! Zai narke!" in ji Yaya.

"Alhaji, abin da zai narke a wannan ɗumin sai dai man shanu," in ji maƙerin.

Ya sauke shi a kan uwar maƙera, ya ɗauki wani siririn ƙarfe mai kaifi ya dinga bin bakin murfin a hankali yana ƙwanƙwasawa, tsatsa tana zuba. Malam ya koma bayan buhunan gero na wani ɗan kasuwa yana karatu a bayyane. Ni na tsaya gefe. Yaya kuwa ya durƙusa, ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa hannun maƙerin, don kada wani ya riga shi gani.

Murfin ya ɓalle gaba ɗaya, fat. Wani gari mai ruwan hoda ya tashi ya bule wa Yaya fuska.

Wani ya yi ihu, "Hayaƙi!" Nan take wuri ya watse. Na ga mutum ya tsallake tulin fartanyu ya bar takalminsa ɗaya. Yaya yana nan durƙushe, idonsa a rufe gam, girarsa da gashin bakinsa da gemunsa duk sun koma kalar cikin gwaiba. Bai motsa ba. A hankali ya ce, "Malam, me kake gani a jikina?" Malam sai ya ƙara wa karatunsa sauti.

Ni ne na fara jin ƙanshin. A ƙarƙashin warin tsatsa da kalanzir akwai wani tsohon ƙanshi mai sanyi, irin na ƙasan adakar tsofaffi. Wata mai sayar da daddawa da ba ta gudu ba, don ba za ta bar kayanta ba, ta leƙo ta ce, "Ai hoda ce! Hodar shafawa ce ta mata!"

Haka ne kuwa. A cikin murfin akwai madubi da ya yi baƙi. Abin da ke motsi wani dunƙulen hodar ne da ya daskare ya zama kamar tsakuwa, sai ɗan ragowar audugar da ake shafawa da ita. Mutane suka dawo suna dariya, har da mai takalmi ɗaya. Malam ya fito daga bayan buhuna yana gyara rawani, ya leƙa gwangwanin, ya dubi Yaya, ya ce, "Na ce asiri ne, kuma ban yi ƙarya ba. Asirin mata ne."

Yaya ya wanke fuska a randar maƙeri, amma garin ya shige gemu, haka ya tuƙa babur har gida ba ya kula kowa.

A lokacin gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Yako tana zaune a gidan Yaya ana yi mata maganin ido. Ta haura tamanin. Da ta ji matar Yaya tana dariya har da riƙe ciki, sai ta ce a kawo mata abin ta gani. Ta shafa shi da yatsu, ta kai hanci. Sannan ta nuna wani ɗan ƙullutu a gefe wanda mu muka ɗauka tsatsa ce.

"Nan ake dannawa," in ji ta. "Ku da karatunku."

Ta ce tana budurwa an kai ta riƙo wajen wata innarta a can ƙasar Doguwa, kuma ita da ƙawayenta su ne masu kai tallar fura barikin kuza. Irin wannan hodar fatake ke kawowa. Su bakwai suka haɗu suka mallaki guda ɗaya, kowacce da ranar da take kwana a hannunta. A gida an hana, don haka a bakin rafi suke shafawa idan za su shiga bariki, a bakin rafin kuma su wanke idan za su koma. Wata rana ta manta ba ta wanke wuyanta ba. Mijin innar ya tsare ta a zaure ya ce mene ne wannan, ta ce surfen jar dawa ta yi. Ya ce yaushe aka fara surfe da wuya.

"A ina kuke ɓoyewa, Gwaggo?" na tambaye ta.

"A ramin katanga mana. A toshe da ƙasa. Duk 'yan matan wurin haka suke yi."

Yaya ya ɗago ya ce, "Ko dai taku ce muka tono?"

"A'a. Tamu mai zanen tsuntsu ce, kuma a rijiya ta ƙare, ranar da biyu daga cikinmu suka yi faɗa a kan ranar wa ce." Ta ɗaga murfin ta kai baƙin madubin kusa da idonta mai gani, ta gyara ɗankwali. "Wannan ta wata ce da aka yi wa aure ba ta samu komawa ta ɗauka ba. Allah ya jiƙanta idan ta mutu."

Muka ce amin.

Na roƙe ta ta ba ni in ajiye, ta ce me namiji zai yi da hoda, ai an ga abin da ta yi wa wanda ya gwada. Da idonta ya yi sauƙi ta ƙulle gwangwanin a bakin zane ta koma Yako da shi. Daga baya wata 'yar'uwarmu ta ba ni labari cewa tsofaffin unguwar sun yi mako suna zuwa gani, kowacce ta shinshina ta miƙa wa ta kusa. A rana ta ƙarshe gardama ta kaure tsakanin Gwaggo da wata ƙawarta da babu haƙori ko ɗaya a bakinta, a kan wadda samari suka fi bi a zamaninsu, har sai da aka kira mai unguwa ya zo ya ba su haƙuri.