Sauran Tuwo a Ruwan Kifin Malam

Shekarar da Malam ya yi ritaya, wata huɗu ya yi a kan tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Mutumin da ya saba fita ƙarfe bakwai da rabi tun kafin a haifi ɗanmu na fari, ga shi ba inda za shi sai masallaci. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, abinci ma sai ya taɓa ya ture. In na yi masa magana ya ce, "Uhm." Shi Babarbare ne, ni Bafulatana, kuma tun ina amarya bai taɓa wuce ƙofar ɗakin girki bai tsokane ni ba. Shirun nan ya fi mini ciwo a kan a ce zagina yake yi. A sujada nake kai ƙararsa wurin Allah, don ban san wa zan gaya wa ba.

Wata rana wani tsohon abokin aikinsa ya ɗauke shi zuwa gonarsa ta wajen Shabu. Ya dawo bayan la'asar, takalmi duk taɓo, yana magana tun daga zaure. Kifi zai kiwata. Cikin mako guda an kafa ƙarafa a bayan ɗakin girki, an ɗaura shuɗin tampol ya zama kamar ƙaton baho, an jawo tiyo daga rijiya. Wurin akurkin kajina ne. Na raba kajin ga 'yan uwa da daɗin rai, tunda na ga mijina ya dawo. Aka kawo 'ya'yan tarwaɗa a jarka, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Abincinsu na kanti ne, 'yan ƙwayoyi kamar dawa, kuma da gwangwanin madara Malam yake aunawa, safe da yamma, ya share bakin gwangwanin da yatsa kada ya yi tozo. "Haka aka ce," in ji shi. "Ba ƙari, ba ragi."

To ni kuma ga halina. Yaranmu sun watse, masu aure sun yi, masu aiki sun tafi, amma hannuna ya ƙi koyon girkin mutum biyu. Mai kyau nakan miƙa wa maƙwabta, wani a yi ɗumame da safe. Sai guntun da ya rage a kwano, da ƙanzon gindin tukunya, da ruwan ɗaurayar miya. Da can kaji ke cinye su. Innata, Allah ya jiƙanta, ta raine mu a kan ba a zuba hatsi a kwata. In ta ga ƙwayar shinkafa a ƙasa sai ta tsince ta, ta ɗora a kan katanga don tsuntsu. Na yi sakandare, na karanta kimiyyar gida, amma wannan karatun na Inna ya fi zama mini a ƙashi.

Kuma kifayen nan, duk sanda na gitta sai su taso sama, baki buɗe, gashin baki na rawa. Duk macen da ta taɓa shayarwa ta san yadda buɗaɗɗen baki yake taɓa zuciya. Na duba ɗan gwangwanin Malam, na duba yawansu, na ce a raina wannan ai horo ne. Don haka in ya fita sallar azahar sai in marmasa musu sauran tuwo, in bi da ruwan ɗauraya. Su yi ta wawaso, ruwa na fallatso mini a zane, ni kuwa ina jin daɗi, ga hatsi bai wulaƙanta ba, ga bayin Allah sun ci. Ban gaya masa ba. Ba don na ɗauka laifi ba ne, tsokanarsa nake gudu. Na kusa wata biyu ina haka.

Da marka ta kama a watan Agusta, aka yi kwanaki ba a ga rana ba. Wata safiya Malam ya kira ni da wata irin murya. A bayan wani kifi, kusa da wutsiya, ga wani farin abu ya tsiro kamar an manna masa auduga. Washegari sun yi yawa. Ba sa tasowa cin abinci, sai su yi ta goga jiki a tampol. Rana ta uku muka tarar da wasu sun juya ciki sama, ruwan kuma ya soma wani tsami.

Masu shawara ba su yi wuya ba. A ƙofar masallaci wani ya ce a zuba kafso ja-da-rawaya. Wani ya ce a matse shuwaka. Wani ya ce baki ne, an cika leƙe, a rufe wurin. Wani ma ya ce waɗanda suka mutu a yi maza a yi bandarsu, in hayaƙi ya ratsa ba mai ganewa. Malam ya sayo kafson a kemis ya ajiye a taga, bai zuba ba, ya koma kan tabarmarsa. Da na kawo masa kunu bai ɗago ba.

"Hajiya," ya ce, "in sun ƙare a naɗe tampol ɗin nan. Duk abin da aka ce na bi. Ashe ni biro kaɗai na iya riƙewa, shi ma an karɓe."

Kifi a ruwa suke mutuwa, amma ni mijina nake gani yana nutsewa. Ban kawo tuwona a rai ba ko kaɗan, wallahi.

Gida na uku daga namu akwai wata malama 'yar ƙabilar Eggon da ke koyarwa a makarantar aikin gona ta Shabu, kuma na ji ana cewa binciken cututtukan kifi take yi. Tsakaninmu gaisuwa ce da zumuncin kwano: ita ta aiko da shinkafar Kirsimeti, ni in aika da naman layya. Ranar Asabar da safe na sa hijabi na je na roƙe ta. Ba ta ko ƙarasa wankinta ba, ta ɗauko safar hannu da 'yan kwalabe a leda ta biyo ni.

Ta gaida Malam har ƙasa, ta sa raga ta ɗago kifi ɗaya, ta juya shi a hannu a hankali kamar jariri.

"Funfuna ne, Baba. Irin na ruwa."

"Funfuna kuma? Ba a biredi yake fita ba?"

Ta yi dariya. Ta ce ba ruwan da ba shi da nasa. Teku ma, da duk gishirinta, tana da irin nata kala-kala. Ta ce lokacin karatunta ta yi watanni a bakin teku can kudu, tana shiga kwalekwale tana tsinto ruɓaɓɓen itace da ɓawon kaguwa don a ga abin da ke tsiro a jikinsu, har masunta suna ce mata mahaukaciya. Amma wannan na ruwan daɗi, in ji ta, matsoraci ne. Ba ya kama lafiyayyen kifi. Jira yake kifi ya ji rauni, ko ƙazamin ruwa ya galabaitar da shi, ko sanyi ya shige shi.

Idonta ya kai kan taga. "Abeg, Baba, wannan kafso kar ka zuba. Ba zai kashe funfuna ba, kuma zai zauna a naman kifi, gobe ya shiga cikin mutane. Wanda ya mutu ma kada a yi bandarsa. Rami za a tona." Na ji daɗin wannan maganar, don tun farko shawarar bandar ba ta kwanta mini ba.

Sai ta shiga tambaya. Abinci nawa, sau nawa, yaushe ake canja ruwa. Malam na amsawa a tsaye, hannu a baya, kamar ɗalibi gaban allo. Ta ce duk daidai ne, bai kamata ruwan ya lalace haka ba. Ta cire safar, ta shafi saman ruwan, ta murza yatsu ta shinshina.

"Manja ne wannan fa."

Ta ɗaura kofi a sanda ta kwarfo daga can ƙasa. Wani toka-tokan kunu ya fito mai wari, kuma a cikinsa, ina gani da idona, ga 'ya'yan kuɓewa, ga jan ɓawon tattasai.

Malam ya sunkuya yana kallo, ya ce, "Ko a abincin kantin ne ake haɗawa? Ko ni ne ban wanke tiyon ba?" Malamar ta dubi ƙofar ɗakin girki, taku uku daga wurin, ta dube ni sau ɗaya, ta mai da idonta kan kwalba.

"Bari in kai ɗakin gwaji mu gani, Baba," ta ce.

Rufa mini asiri ta yi, na gane. Da na yi shiru da shi ke nan, in daina a ɓoye, ba wanda zai sani. Amma Malam zai ci gaba da ɗauka shi ne bai iya ba. Na ji kunyar baƙuwa, na ji kunyar furfurata, na dai buɗe baki.

"Malam, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni nake ba su sauran tuwo in ka tafi azahar."

Ya miƙe tsaye sosai. Ya dube ni, ya dubi kofin.

"Tuwo," ya ce.

"Wani lokaci sakwara."

"Da miya?"

"Ɗauraya ce kawai."

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na zaci ɓacin rai ne, ashe dariya ce ta taso masa tun daga ciki, har sai da ya dafa ƙarfen tampol. "Malama, kin ga Fulani ko? An ba ta amanar kifi ta mai da su maruƙa! Saura ki tatso musu nono, Hajiya!"

"Baba, ka bar Mama mana," in ji malamar, ita ma tana danne tata. "Tausayi ne ya yi yawa."

Ni kuwa kuka nake yi sosai, ina share hanci da bakin hijabi. "Wallahi yunwa na ga suna ji. Kullum baki buɗe."

"Mama, tarwaɗa ba ya ƙoshi. Ko saniya ka jefa masa, gobe zai buɗe baki."

Ta bayyana mini a hankali, ba da faɗa ba. Abin da suka ci kaɗan ne. Sauran yana sauka ƙasa ya ruɓe, man ya rufe saman ruwa, numfashi ya yi musu wuya. A wawason kuma suna yagar juna da ƙayar jikinsu, nan funfunan yake samun ƙofa. Kaza tana tsince tuwo a ƙasa ta tafi abinta. Kifi kuwa a cikin kwanonsa yake kwana.

Ranar ba wanda ya zauna. Muka kwashe masu rai a bahuna, aka zubar da ruwan, Malam ya naɗe wando ya shiga da soso yana dirzar tampol. Malamar ta ce a kawo gishiri mai yawa, na fito da na garin Keana da wata ƙawata ta kawo mini, wanda nake ta adanawa a tukunyar ƙasa. Ita ta auna da hannunta, ta duba agogo, ana tsoma kifayen a ruwan gishirin na ɗan lokaci ana mayarwa sabon ruwa. Ta ce kwana biyu kada a ba su komai. Da ta faɗi haka su biyun suka juyo suka kalle ni tare.

Matattun muka binne a gindin ayaba. Sun kusa rabi, da waɗanda suka bi bayansu a kwanakin. Ina zuba ƙasa ina istigfari, don rayuka ne, kuma hannuna ne, ko da ban nufa ba. Kwana biyun azumin nan kuwa ta bayan gida nake zagayawa in ɗebo ruwa, don kada mu haɗa ido da su. Sauran tuwo na samo masa gida wurin wata maƙwabciya mai awaki.

Ranar Litinin Malam ya hau okada ya bi malamar zuwa Shabu da kwalbar ruwa a aljihu, wai sai ya ga abin da idonsa. Bai dawo ba sai bayan azahar. Ya tsaya a bakin tampol yana ba ni labari da hannu da ƙafa, ya ce ta koya masa yadda ake gane ruwa ya gaji tun kafin kifi ya nuna, kuma in marka ta wuce zai ƙaro 'ya'ya ya kafa na biyu.

"Ke ma ta ce in kawo ki," ya ce. "Ki je ki ga amfanin gonarki."

Na je, mako na gaba. Ɗaki ne mai sanyi da warin magani. Malamar ta ɗora ɗan gilashi a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ta nuna mini yadda zan rufe ido ɗaya. Da farko haske kawai na gani. Ta murɗa wani abu, sai ga zaruruwa farare sun fito, sirara, masu rassa, kan wasu ya kumbura da 'yan ƙwayoyi a jere kamar an shirya su da hannu. Ban zaci abin da ya yi mana wannan ɓarnar zai yi kyau haka ba. Na ce, "Subhanallahi." Malam na bayana yana taɓa mini kafaɗa, wai in matsa haka nan, na daɗe, shi ma yana so ya sake dubawa.