Batil ɗin Aisami

Habsu mai ƙosai, da ƙuruciyarta babu budurwar da ke kama ƙafarta a rawar dandalin Gidigir. Yanzu ita kaɗai ce a gida a Gure. Ɗanta tilo, Aisami, yana Yamai.

Rannan ya kira ta: "Inna, gobe ina da batil, a sa ni a addu'a."

Ta tambayi mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya ce da Ingilishi yaƙi ke nan. Ƙosan ranar kaf ta rabar sadaka.

Sai ga bidiyo a waya. Ashe gasar rawa ce, samari biyu gaba da gaba.

"Wannan ne yaƙin?" in ji ta. Ta ci ɗamara, ta taka a tsakar gida, ba makaɗi, ba abokiyar karawa. Kaji ne kawai suka ba ta fili.