Bishiyar da Malam ba ya wucewa

Shekarun baya, can cikin shekarun casa'in, lokacin ina karatun digiri na uku a Greensboro, akwai wani ɗan garinmu Zariya da nake zuwa wurinsa duk Asabar. Ya girme ni sosai, Malam nake ce masa, shi kuma Dakta yake ce min tun ban rubuta ko babi ɗaya ba. Yana zaune a wasu gidajen haya bayan High Point Road, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa daga gidana.

Mutumin kirki ne, ga iya miyar kuka. Abu ɗaya ya dame ni da shi: rakiya. In na tashi tafiya zai sa takalmi ya biyo ni, amma da mun iso wata bishiya a bakin wurin ajiye motoci sai ya ja birki ya miƙo min hannu. Ni kuwa ba na iya riƙe magana a ciki, rannan na ce, "Haba Malam, wai Amurka ce ta cinye ka haka? Rakiyar taku ashirin?"

Sai ya ɗaga ƙafar wandonsa. Wani baƙin abu ne ɗaure a idon sawunsa, girman kwalin sigari. Wallahi kunya ta kama ni kamar in nutse.

A nan tsaye ya ba ni labari. Tasi yake ja a da, aka ƙwace lasisinsa, ya ci gaba da tuƙi a ɓoye, har ya buge wani mai keke ya karya shi. Ya yi shekara ɗaya da wani abu a gidan yari, sannan aka sako shi ɗaurin talala. Abin ƙafar nan yana haɗe da wani akwati da aka jona wa wayar ɗakinsa. An yanka masa lokacin zuwa aiki da na sallar Juma'a. Bayan wannan, in ya yi nisa da akwatin, akwatin da kansa zai buga waya ya kai ƙararsa. Bishiyar ce iyaka.

"In na wuce ta, Dakta, ciki zan koma in ƙarasa abin da ya rage," in ji shi. Sannan ya roƙe ni kada kowa a gida ya ji. Mutanen Zariya sun ɗauka takardun zaman ƙasa ne suka hana shi zuwa lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, alhali yana tsare.

Bayan wata biyu matata ta haihu, mahaifiyata ta zo ganin jika. Hajiya aminiyar mahaifiyar Malam ce, don haka ko gajiya ba ta gama saki ba ta ce sai an kai ta ta'aziyya. Muka je ranar Asabar bayan azahar. Malam ya sha doguwar safa da wando har ƙasa. Ta yi masa gaisuwa, ta ba shi daddawa da yaji, aka shiga hirar wanda ya yi aure da wanda ya gina gida, har awa biyu. Na ce a raina an rabu lafiya. Na manta da halin mutanenmu, ba sa faɗin abin da ya kawo su a zaune, sai an fito rakiya.

Muna isowa bishiyar Malam ya rage tafiya. Hajiya ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Ina wurin ranar da mahaifiyarka ta cika. Akwai saƙon da ta bar maka." Ta ci gaba da tafiyarta.

Malam ya dubi bishiya, ya dube ni. Ni da ake kira Dakta, da na ce "Hajiya mu ɗan tsaya a inuwa" ai da shi ke nan. Amma na saki baki ina kallonsu kamar an dasa ni. Sai gani na yi ya ɗaga ƙafar nan ya bi ta.

A hankali take ba shi labarin, tana tafiya tana tsayawa: abin da tsohuwar ta ci, wanda ya yi mata addu'a, yadda ta riƙa kiran sunansa. "Ta ce a gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba, ta yafe maka duniya da lahira. Ta kuma ce ka yi aure, tuwon gwauro ya isa haka." Malam yana dariya hawaye na zuba. Bai juya ba sai a ƙofar gidana.

Ko magariba ba a yi ba ya kira ni. Jami'ar tsaron da ke kula da ɗaurin talalarsa ta ce ya zo ofis ranar Litinin, kuma ya zo da shirin ƙila ba zai koma gida ba.

Dole na karya alkawari na gaya wa Hajiya komai. Na ɗauka Malam za ta yi wa faɗa. Ina! Ni ta juyo wa. "Kai dai an yi sakarai. Kana tsaye na ja bawan Allah zuwa kurkuku? Wai karatun me kake yi a ƙasar nan?"

Ranar Litinin ta riga kowa shiri, ta ci leshinta na biki. Jami'ar baƙar fata ce mai gilashi, fuskar nan ba alamar wasa. Hajiya ta zauna ta ce, "Gaya mata ni na ja shi. A garinmu ba a juya wa babba baya yana magana, balle maganar uwa ce. In ɗaurin ne, ga tawa ƙafar." Ta kuwa miƙo ƙafar. Na fassara, na ɗan sassauta. Hajiya ta harare ni. "Ka gajarta. Faɗa mata duka."

Na faɗa duka, har da ƙafar. Matar ta cire gilashi. Can ta ce kakarta ma a ƙauye ba ta barin baƙo ya tafi sai ta taka masa rabin hanya. Amma ta ce doka ba ta san kaka ba, ta rubuta masa gargaɗi na ƙarshe, ta ce in ya sake ko duk tsofaffin garinmu za su zo ba za ta saurare su ba. Muna fitowa Malam ya durƙusa wa Hajiya a gefen titi, ta ce, "Tashi, kar ka tara mana Turawa."

Wata uku ta yi. Duk Asabar muna zuwa, kuma da mun iso bishiyar ita ke fara tsayawa. A nan za ta zazzage duk maganar da ta ɓoye, sai mu yi rabin awa a tsaye ƙafata na ciwo, sannan ta ce, "To Malam, iyakarka ke nan, koma." Ta koma Zariya, har ta bar duniya ba wanda ya ji wannan labari daga bakinta. Ni ma sai da Malam ya ba ni izini nake faɗa.

Har yau in na tuna shirun da na yi a gindin bishiyar nan sai na ji haushin kaina. Amma kuma ban taɓa jin Malam ya yi da-na-sanin wannan takun ba.

Ya gama wa'adinsa, daga baya ya koma gida ya yi auren da aka umarce shi. Ni na zauna nan Amurka. Ranar da Hajiya ta rasu, kafin in ma nemi tikitin jirgi an riga an yi mata sutura. Ina zaune na rasa abin yi sai ga wayar Malam, muryarsa ta dishe.

"Dakta, na raka Hajiya," in ji shi. "Tun daga ƙofar gida na kama makara, ban saki ba, ban tsaya ko'ina ba, sai da na kai ta."