Malam Labbo, Wanda Ya Koya Wa Saniyar Fim Tashi

Shekara talatin da ɗaya, da an idar da sallar Asuba, Malam Labbo zai ɗaura akwatin allura a bayan babur, ya bar garinsu Furfuri da ke ƙasar Bungudu, ya bi rugage yana yi wa shanu rigakafi. Makiyayi ba ya sakar maka garkensa don ka zo da takardar gwamnati. Sai ka zauna, ka sha nono, ka saurari hira. Haka ya yi ta zama har ya san saniya fiye da yadda wasunmu suka san 'ya'yansu. Bara ya yi ritaya, ko taron shan lemo ba a yi masa ba.

Ni ta hanyar Zuwaira, 'yar ƙanwata, na san shi. Shekara biyu ta yi a wani ɗaki a Tudun Wada tana haɗa fim na zane mai motsi, daga tatsuniyar makiyaya: wata saniya da ta goya marainiya ta ƙetare kogi da ita. Burinta ɗaya, masu tatsuniyar su gani su ce tasu ce.

Da ta kai fim ɗin Tsafe ranar kasuwa don gwada nuna shi, ana zuwa inda saniyar za ta tashi daga kwance sai ɗaki ya ɓarke da dariya. Wani dattijo, Ardo Tukur, ya miƙe ya ce, "Ɗiyata, wagga ba saniya ta ba. Doki kinka zana, kinka sa mai ƙaho!" Ya ɗauki sandarsa ya fice, jama'a suka bi shi. Ashe saniyarta da ƙafafun gaba take fara tashi. Mu 'yan birni goma muka kalli wurin nan, da digirorinmu, ba wanda ya lura. Zuwaira ta yi kuka, ta ce ta haƙura da fim.

Ana nan sai ga Malam Labbo a ƙofarta, labari ya iske shi a kasuwa. Ina wurin, gani ya kori ji. Dattijo mai furfura ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa a kan siminti. "Duba nan, Zuwaira. Gwiwa ƙasa, baya shi ɗaga, sannan gaba. Haka taka tashi." Sau nawa ya maimaita? Na daina ƙirgawa. Wata huɗu yana zuwa daga Bungudu, yana gyara tuƙar saniyar, da kaɗa jelarta, da yadda take juya kunne in ƙuda ya dame ta.

Malam, kai ne tsohuwar zumar da aka yi magani da ita. Kai ne ka zubar da girma a ƙasa don kada yarinya ta zubar da aikinta. Kai ne kuma ka je da ƙafarka ka roƙi Ardo ya sake zuwa kallo.

Ya kuwa zo, bayan La'asar, a wata makaranta a Bungudu. Saniya ta kafa gwiwa, ta ɗaga baya, ta miƙe da marainiya a gadon bayanta. Sai Ardo Tukur ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Wagga kam tamu ta! Ku maido wurin mu ƙara gani." Mata suka rangaɗa guɗa. Wallahi sai da na share hawaye.

Mun gode, Na Furfuri, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa gwiwoyin nan lafiya. Ku kuma dattawan da kuka san wani abu, in kun ga yaro ya kuskure, ku yi dariyarku, amma kada ku fice. Ku tuɓe riga ku nuna masa.