Ranar da motarmu ta daina karkata

Ɗazu a Yelwa na ga wata tsohuwar a-kori-kura ta karkata gefe, sai na tsaya kallo.

Haka tamu take tun muna jihar Sakkwato. Ni ke tuƙi, yayana Garba yana gefena, muna ɗauko kifi daga Wara. Ƙato ne, har sifirin gaba, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya kwanta ta ɓangarensa.

Bayan rasuwarsa na kai ta wurin bakanike ya sa sabo.

Ya ce, “Maigida, ta miƙe sarai, kamar ba a taɓa zama nan ba.”

Na ce, “Ba ni tsohon ƙarfen.”

Na koma gida ni kaɗai. Motar ta daina ja dama, amma hannuna bai daina tare sitiyari ba.

Ku fa, me kuka taɓa gyarawa kuka yi da-na-sani?