Kunnen Hammajoda

Duk wanda ya yi zamanin kaset a Bauchi ya ce bai san Hammajoda ba, to ko dai bai taɓa shiga Kasuwar Muda Lawal ba, ko kuwa kurma ne. Yanzu ya tsufa, yana zaune a Fadaman Mada, jikoki na hawa kansa. Amma a da, shagonsa ne a bayan layin 'yan atamfa, ɗan tsukut, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fito. Gyaran rediyo yake yi, yana kuma ɗaukar wa mutane waƙoƙin Indiya a kaset.

Bafulatani ne siriri, ya baro ruga yana saurayi bayan ciwo ya share musu shanu. Bai yi boko ba, Indiyanci kuwa ko kalma ɗaya ba ya ji. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Mutum zai zo ya ce, "Hamma, wata waƙa nake nema, na manta fim ɗin," ya ɗan rera ta a karkace da muryar da ko akuya ba za ta tsaya saurara ba. Kafin ya rufe baki Hammajoda ya miƙa hannu ya zaro kaset ɗin. Abokin sana'arsa Habila, mutumin Bogoro, shi ne mai karatu, shi ke rubuta sunayen waƙoƙi a bayan kaset.

A shekarun nan babu makaɗin da kasuwa ke so kamar wani Baldev Sundar. Haka sunan yake a jikin kwali, kowa kuma ya ɗauka sunan mutum ne da na ubansa, kamar a ce Sabitu Abdulsalam. Akwai wani ɗan layi tsakanin sunayen biyu, amma wa zai tsaya kula da shi? An ɗauka ado ne.

Wata rana da hantsi, kiɗan Baldev Sundar na tashi, Hammajoda ya ɗago kai ya ce, "Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Su biyu ne." Ya ce ɗaya mai son ganga ne, mai gaggawa, kullum yana gaba. Ɗayan kuma na sarewa ne da goge, ba ya hanzari, sai ya bari ɗan'uwansa ya gama zafinsa sannan ya biyo baya yana lallashi.

Aka kwashe da dariya. Habila ya ce, "Haba Hamma, ni na iya karatu, ga suna a rubuce. Kai ma Hammajoda Buba ne sunanka, mutum biyu ne kai?"

Daga ranar aka laƙaba masa Hamma Biyu. Mai shayi ya kira shi haka, 'yan atamfa suka ɗauka, har matan da ke kawo gyaran rediyo. Yana murmushi, amma abin yana ci masa rai ƙwarai. Mutumin da ba shi da shanu, ba shi da takarda, kunnen nan kaɗai ya mallaka, shi ne kuma aka mayar abin wasa. Duk da haka bai taɓa faɗa da kowa ba, bai kuma janye ko kalma ɗaya ba. Kaset-kaset ɗin makaɗin ma ya raba su gida biyu a kan kanta. Mai biki ya zo, ya ba shi waɗanda mai ganga ya rinjaya. Wanda budurwa ta yi wa wulaƙanci, ya ba shi na mai sarewa. Su tafi su ji daɗi, su dawo su ci gaba da tsokanarsa, marasa kunya.

Shekara tara ana haka. Sai Kayode, wanda ke kawo musu kaya daga Legas, ya zo da sabon kaset na Baldev Sundar. Aka sa, layi ya ɗauka, ana ta kaɗa kai. Hammajoda ya ajiye ƙarfen dalma, ya mayar da kaset baya, ya sake saurara har sau uku.

Ya ce, "Mai sarewa ba ya ciki."

Habila ya ce, "Ga sarewa kana ji da kunnenka!"

"Sarewa na nan, mai ita ne ba ya nan. Mai ganga ne ke kwaikwayonsa. Ya yi ƙoƙari, amma ba ya iya jira. Ko sun ɓata, ko wani abu ya faru."

Wannan karon dariyar har da riƙe ciki. Wanda ya nemi kaset ɗin yana ɗaukar masa, amma bai ƙara sa shi a lasifikar shago ba.

Bayan wata huɗu Kayode ya sake kawo kaya, an shimfiɗa wata tsohuwar mujallar Indiya ta Turanci a gindin kwali. Habila ya buɗe ta. Ga hoton mutum biyu, ɗaya dogo, ɗaya gajere mai tabarau. Ya karanta a fili, yana fassarawa: Baldev da Sundar abokai ne tun suna samari, suna kaɗa wa wasu kiɗa a Bombay kafin su haɗa kai su kafa nasu. Shekara talatin suna tare. Sundar ya rasu bara, Baldev kuma ya rantse ba zai cire sunan abokinsa daga aikinsa ba har ya mutu.

Habila ya fita da gudu yana kiran mutanen layi, ya dawo da su dam a ƙofar shago. Mai shayi na cewa, "Hamma, ka gama da mu!" Wani na tafa masa. Habila ya cire hula ya ce, "Aboki, ka yafe mini. Ni na ga rubutu, kai ka ji mutane."

Kowa na jira ya rama, don ya cancanta. Hammajoda ya karɓi mujallar da hannu biyu ya ce, "Wanne ne mai sarewar a ciki?" Habila ya nuna masa gajeren. Ya daɗe yana kallon fuskar da bai taɓa gani ba, idonsa ya cika da hawaye.

Ya ce, "Shekara tara ina roƙon Allah ya nuna muku gaskiyata. Wallahi yau na so a ce kunnena ne ya yi ƙarya."